Shagon firam da aikin ɗalibai na jarrabawar zane: yadda muka kwashe da su

Bari in fara da ra'ayina kar in ja ku da nisa, mutanen shagon nan sun iya aiki, kuma duk malamin zane ko iyayen da ke da yaro mai gabatar da aiki don a ba shi maki zan iya cewa su je hankali kwance, sai dai akwai abubuwan da suka ɓata min rai waɗanda zan zo kansu don ba zan rufe ba. Ni malamar zane ce a sakandare, kuma duk shekara in lokacin haɗa aikin 'yan ajin ƙarshe ya zo ciwon kan iri ɗaya ne, yaro ya yi wata da watanni yana wahala a kan zane sai ya zo dab da ranar miƙawa ya lalata shi da gam da salatif, ko kuma babansa saboda ƙauna ya ɗauka ya kai a sa masa firam mai ruwan zinare da gilashi a kawo makaranta mu ce sai an cire, rai ya ɓaci. Bana sai muka yi shawara da iyaye a kai wuri ɗaya a yi wa kowa aiki iri ɗaya.

Abin da ya fara sa na yarda da mai shagon, wani dattijo mai sanyin magana, shi ne bai taɓa ko takarda ɗaya ba sai da ya ce min, "Malama ina takardar ƙa'idojin? Ni ba na yanka kwali a kan an ce an ce." Na miƙa masa ya zauna ya karanta tsaf yana ja wa wasu wurare layi da fensir. Wallahi wannan kaɗai ya fiye min komai, don yawancin masu firam sun saba da hoton biki da satifiket ne, duk abin da ka kawo gilashi za su kifa masa su buga ƙusa su miƙo maka, alhali aikin jarrabawa wani abu ne daban. Mai ba da maki zanen yake dubawa, yana son ya ga yadda fensir ya ci takarda, kaurin fenti, wurin da yaro ya goge ya sake, wani lokaci ma yana son ya juya ya ga baya. Kwalin da aka ɗora zane a kai ɗan rakiya ne, ba shi aka zo gani ba.

Kuma ƙa'idojin nan sun bambanta sosai daga hukuma zuwa hukuma, shi ya sa nake roƙon mutane su daina kwaikwayon abin da suka gani a intanet ido rufe. A tsarin IB, wata jarrabawar sakandare ta ƙasa da ƙasa, ɗalibi kan shirya baje kolin aikinsa a makaranta, hotunan aikin ake turawa ta kwamfuta, to a nan firam na iya shiga. A Niyuzilan kuwa 'yan mataki na 3 na NCEA, jarrabawar sakandare ta ƙasar, kan jera aikinsu ne a kan allunan kwali 3 masu girman A1. Wasu wuraren aikin ake tattarawa a ɗaure a aika, su kuma ba ruwansu da gilashi ko katako saboda nauyi da fashewa. Namu dai takardar ta ce aikin da za a duba kar ya wuce A2 haɗe da kwalinsa, babu gilashi, babu katako, bayanan ɗalibi a baya, sannan an ba kowane yaro damar zaɓar wani aiki daban a sa masa firam sosai don baje kolin makaranta wanda shi ba ya cikin maki.

Maganar "haɗe da kwalinsa" ɗin nan ita ce ke kayar da mutane. A2 milimita 420 ne a faɗi 594 a tsayi. In yaro ya yi zane a kan takardar A2 cif to babu sauran wurin gefe, ko ɗan yatsa ka ƙara ka karya ƙa'ida, irin waɗannan sai dattijon ya sa musu kwali a baya kawai daidai girmansu don su tsaya ƙyam. Masu A3 kuwa, wato 297 da 420, su ne suka samu taga, wato kwalin gaba da aka yanke tsakiyarsa zanen ya leƙo, don in ka ɗora A3 a tsakiyar A2 kana da kimanin milimita 61 hagu da dama, sannan 174 da za a raba tsakanin sama da ƙasa. Bai raba daidai ba, ya ɗan fi ba ƙasa, ya ce in ka sa zane a tsakiya cif ido kan ga kamar ya zame ƙasa, da ya jera guda biyu a bango ya nuna min kuwa haka ne, wanda gefen ƙasansa ya fi faɗi ya fi zama daram.

Inda na fi tsayawa ina kallo shi ne wajen maƙala zanen, don nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ba ya shafa gam a bayan zane sam. Ya kifa takardar a kan tebur mai tsabta, ya yanko 'yan gutsattsarin tef na takarda guda biyu, Filmoplast P90 na gani a jikin kwalin tef ɗin, ya liƙa kowanne a gefen sama ta baya, ɗan kaɗan ne ya kama zanen sauran ya leƙo waje, sai ya juyo da zanen ya daidaita shi a kan kwalin baya, ya ɗora masa ɗan abu mai nauyi don kar ya motsa, sannan ya kawo wani tef ya gitta a kan wanda ya leƙo ɗin ya zama kamar harafin T. Shikenan. Gefe da gefe da ƙasa duk a sake suke, zanen a rataye yake kamar ana iya ɗaga shi a leƙa. Wata ɗalibata da ke tsaye ta ce, "Baba ba zai faɗi ba kuwa? Da an zagaye shi da tef mana." Ya ce mata, "'Yata takarda numfashi take yi, in iska ta yi danshi ta buɗe in ta bushe ta tsuke, in kika ɗaure ta ta ko'ina ba ta da inda za ta je sai ta kumbura a tsakiya." Gaskiya ya faɗa, duk wanda ya taɓa ganin zanen fentin ruwa ya yi tudu da kwari a cikin firam to yawanci abin da ya faru ke nan.

Sannan amfanin wannan hanyar na biyu, in an gama jarrabawa yaro zai iya cire aikinsa lafiya lau ya ajiye ko ya kai neman gurbin karatu. Salatif ɗin da muka sani da tef ɗin nan mai ruwan ƙasa na ɗaure kwali, gam ɗinsu da ya daɗe sai ya koma rawaya ya ratsa cikin takarda ya bar tabo mai maiƙo, ledar ta faɗi tabon ya zauna har abada. Haka kwali mai araha da aka yi da niƙaƙƙen itacen da ba a tace ba, akwai sinadarin lignin a cikinsa wanda ke zama asid a hankali, shi ne za ka ga bakin tagar ya yi ja-ja har ya buga wa zanen layi mai ruwan ƙasa. Nasu kwalin marar asid ne, kaurinsa wajen milimita 1.4, in ka dubi bakin yankan fari ne tas har ciki. Wani zai ce ai jarrabawa ce ta ɗan lokaci me ya yi zafi, to ni dai na ga tsoffin ɗalibai da suka dawo bayan shekaru suna neman aikinsu, kuma na ga fuskarsu lokacin da suka ga abin da salatif ya yi masa.

Yankan tagar ma ya burge ni in dai shi ya yi da hannunsa. Injin yanka na Logan yake amfani da shi, reza a karkace digiri 45, ta bayan kwalin yake yanka, kuma yana yawan canza reza don da ta fara dakushewa sai bakin ya yi gashi-gashi. Tagar kan hau kan zanen da 'yan milimita kaɗan ta kowane gefe don ta riƙe shi, amma kafin ya yanka sai ya tambayi mai zanen ko akwai abin da ba ya so a rufe. Wani yaro zanensa ya kai har bakin takarda kuma bakin a yage yake da gangan, sai aka ɗora shi a saman kwali ba taga, gefen duk a bayyane, ya yi kyau ƙwarai.

Launin kwali nan ne muka kai ruwa rana da yara. Wannan na son ja, waccan na son shuɗi wai ya dace da sararin da ke cikin zanenta, wani na son baƙi saboda yana sa komai ya yi kamar na ƙwararru. Dattijon bai yi musu da kowa ba, ya ɗauko kusurwoyin kwali kala-kala yana ɗorawa a gefen zanen yana cewa ku duba da kanku. Da aka sa jan sai ido ya bar zanen ya koma kan kwali, yaron da kansa ya ce a cire. Yawanci fari mai ɗan duhu kamar madara muka ɗauka, don fari fat yana sa takardar zane ta yi kamar ta yi datti, zanen gawayi kaɗan ne suka tafi da toka-toka. Baƙi ina da ra'ayi a kansa, yana yi wa hoton kyamara kyau amma zanen fensir mai laushi danne shi yake yi, ga shi duk ƙura da shatin yatsa sai sun fito a jikinsa.

Akwai wani abu da ya yi wanda har yanzu nake jinjina masa. Wani uba ya zo ya ce a ɗan rage gefen zanen ɗansa da reza don akwai wurin da fenti ya zuba, kuma a goge wasu layukan fensir da suka rage. Ya ce masa, "Alhaji ka yi haƙuri, kwali nawa ne amma zane na yaro ne, in yana so a yanke ya zo ya yanke da hannunsa a gaban malamarsa." Uban bai ji daɗi ba amma wannan shi ne daidai. Aikin da za a ba maki dole ya zama na ɗalibi ne, kuma mu malamai mu ke tabbatar da hakan, da zarar wani ya gyara layi ko ya yanke gefe ko ya zaɓar wa yaro wanne zai zo farko wanne zai biyo baya to an fara shiga hurumin da ba na mai firam ba. Jera aikin gwaji ma, wato ƙananan zane-zanen da ke nuna yadda tunanin yaro ya taso har ya kai ga babban aikin, yaran ne suka shimfiɗa su a tebur suka tsara abinsu, shi nasa awo da maƙalawa kawai. Kuma ya ja musu kunne kar su cika shafi da kayan ado, su kyalkyali da rubutu mai lanƙwasa, abin da ni ma kullum nake faɗa ba sa ji sai da baƙo ya faɗa.

Gawayi da allin fastel su ne masu wuyar sha'ani don a saman takarda suke zaune, ɗan shafa kaɗan sun tafi. Yana da feshin kama su na asali, amma ya ce masu zanen su fesa da kansu a waje inda iska ke kaɗawa, daga nesa kimanin santimita 30, sama-sama a bari ya bushe a sake, saboda feshin kan ɗan duhunta launi musamman fastel, to gara mai abu ya ga canjin da idonsa ya san inda zai tsaya. Don Allah masu fesa man gashi su daina, na san yana kamawa amma ba don takarda aka yi shi ba, yana iya sa ta rawaya daga baya. Bayan feshin sai ya rufa wa kowanne takardar gilasin, wata siririyar takarda mai santsi da ba ta kwasar gari, ya maƙala ta ta baya yadda mai dubawa zai ɗaga ya mayar. Leda bai yarda da ita ba ko kaɗan don tana jan garin ya manne mata. Masu fentin akirilik kuma ya hana a kifa su fuska da fuska, ko sun bushe sukan manne wa juna in akwai zafi da nauyi, garin rabawa fenti ya ɓalle. Zane ɗaya na fentin mai ya ƙi karɓa ma gaba ɗaya, ya taɓa gefensa ya ce saman ne ya bushe ciki da saura, a mayar a jingine shi inda ba ƙura.

To yanzu ga inda suka gaza. Na farko lokaci. Ranar da suka ce mu zo ba su gama ba, aka sake sa wata rana nan ma da saura, kuma ba su kira sun sanar ba sai da na je na gani. Aikin jarrabawa ba ya jiran kowa, in ranar miƙawa ta wuce ta wuce, da ba mu kai da wuri ba da ido ya raina fata. Duk mai zuwa ya faɗa musu ranar da ta gabaci ta gaskiya da tazara mai kyau, kuma a rubuta a takarda kowa ya riƙe.

Na biyu yaran shagon. Da aiki ya yi yawa sai maigidan ya bar musu wasu, kuma bambancin a fili yake, tagogin da suka yanka kusurwoyin sun zarce, reza ta wuce inda ya kamata ta tsaya ta bar 'yar tsaga kamar gicciye a kowane lungu, wani kwalin kuma ga shatin yatsa baƙi a kan fari. Wanda ya fi ƙona min rai, takardar ƙa'ida ta ce a sa suna da lambar ɗalibi a baya, maimakon a rubuta a 'yar takardar laƙabi a liƙa a kwalin baya sai ɗaya daga cikinsu ya ɗauki alƙalamin maka ya rubuta kai tsaye a bayan wani zanen da takardarsa ba ta da kauri, tawadar ta ratso ta fito dishi-dishi ta gaba a kusurwar ƙasa. Yarinyar da ta gani sai hawaye. Allah ya taimaka wurin gefe ne, taga ta rufe shi, amma da a tsakiya ne fa? Maigidan ya ba ta haƙuri sosai, ya sake yanka duk kwalayen da suka lalace ba tare da ya ƙara mana komai ba, ya kuma kwashe alƙaluman maka daga teburin, na yaba da hakan amma abin da bai kamata ya faru ba ne tun farko. Wani yaron nasu ma har shawara ya ba wata uwa wai a yi wa zane laminetin don ya daɗe, na ce masa kul, zafi ne da leda da ba sa ciruwa, ga ƙyalli, mai dubawa ba zai ga komai na aikin hannu ba.

Na uku, akwai ƙananan takardu da suke liƙawa da gam na feshi, kuma a cikin shagon suke fesawa ƙofa a rufe, wari ya cika wuri ga yara a tsaye. Na yi magana suka koma waje.

Firam ɗin baje koli kuwa ba ni da ta cewa. Siririn katako ne marar ado, kwalin taga ya raba zane da gilashi don in suka haɗu danshi kan sa su manne, na fastel ya sa musu gilashi na gaske ba roba ba saboda robar na jan gari kamar yadda leda ke yi. Ƙugiyoyin baya da sukuru ya ɗaura su ba 'yar ƙusa ba. Ya ce mu rataya yadda tsakiyar kowane zane zai kai wajen santimita 145 daga ƙasa, wato daidai ido, manya da ƙanana duk a kan layi ɗaya, kuma mu guji bangon da rana ke bugawa kai tsaye don fentin ruwa ba ya jimirin rana. Da muka bi hakan zauren ya yi tsari sosai duk da zanen ba girmansu ɗaya ba.

Wanda makarantarsu ke ba da maki a kan yadda ɗalibi ya gabatar da aikinsa da kansa, to kar ya kai a yi masa, ya sayi kwalin da tef ɗin a wurinsu ya koma ya yi da hannunsa, suna sayarwa kuma dattijon ba ya rowar nuna yadda ake yi, har guntayen kwalin da suka rage ya tattara ya ba mu don 'yan ƙananan aji su koyi yanka. Wanda kuma aikinsa littafin zane ne ba ya buƙatar su, kar a yage shafi don a ɗora a kwali sai in ƙa'ida ta ce haka.

Abu ɗaya da ba sa yi kuma ya kamata ku yi kafin ku kai musu, ku ɗauki hoton kowane aiki tun yana tsirararsa, a shimfiɗe a inuwa mai haske, ba filashi, kyamara ta fuskance shi sak kar ta karkace. Da zarar gilashi ya hau sai ƙyalli da inuwar mai ɗauka su shiga hoton, kuma in wani abu ya sami zanen a hanya ko a shago hoton nan ne kaɗai shaidar yadda yaro ya bar shi. Ku lissafa adadin takardun a gabansu su sa hannu, in kun zo karɓa ku sake lissafawa, ku juya kowanne ku tabbatar lambar da ke baya ta mai zanen ce.